Gidan Sauro Saba'in

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe rana ta buɗe a kan ruwan da aka sha da asuba, kwatar bayan ofis ta fara wari. Munzali yana zaune gaban kwamfuta, shi ne mai shigar da sunayen gidaje a ƙungiyar da ke rabon gidan sauro. Yana ji Oga Nicholas yana yi wa Mama Dorathy, mai riƙe da sito, tsawa.

"Ɗari bakwai da hamsin rahoto ya ce na ƙauyen Gude, ɗari bakwai da hamsin na sa hannu. Yaya za a ce sun ƙare, mutane suna layi? Saba'in, Dorathy! Ina suka shiga?"

"Oga, abin da takarda ta ce wa kowane gida shi na bayar."

"To ajiye makulli. Gobe takardar sallama za ta same ki."

Ta miƙa, bai karɓa ba, makullin ya faɗi bakin ƙofa inda direba ke tofar da goro. Na'imatu sakatariya, wadda jiya ta ci ƙosai a kwanon Mama Dorathy, ta ce a hankali, "Ni dama na ga irin gidajen sauron nan a kasuwa." Direba ya yi dariya. Munzali ya ji miyau ya taru masa a baki. Shekara tara matar nan tana wannan sito.

Munzali bai gama sakandare ba, kuma ba shi ya tsara rahoton ba, Oga ne. Amma ya san ƙa'idar rabon: mutum biyu, gidan sauro ɗaya. Ya buɗe jerin Gude, ya ɗauki waya, ya fara haɗa layukan ɗaya bayan ɗaya. Gida ɗari uku. Bai yi sauri ba. Ya gama, ya sake. Sau biyu yana samun ɗari takwas da ashirin.

Ya daɗe yana kallon akwatin jimla da ke ƙasa kafin ya gane. Ya tashi ya ƙwanƙwasa.

"Oga, don Allah ka duba wani abu. Gida mai mutum biyar, nawa muke ba shi?"

"Uku. Jarrabawa za ka yi mini?"

"A'a, Oga. Ai ba a tsaga gidan sauro biyu, shi ya sa kowane layi yake cika rabin. Amma akwatin ƙasa ba layukan yake haɗawa ba. Mutanen duka yake haɗawa, dubu ɗaya da ɗari biyar, ya raba biyu. Gidajen da ba su rabu daidai ba ɗari da arba'in ne. Rabi-rabinsu shi ne saba'in ɗin."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Munzali."

"Ba ta yi ba, Oga. Abin da aka ce mata shi ta yi."

Oga Nicholas ya jawo kwamfutarsa ya duba. Ya goge wuya da hankici. Sannan ya ce, "Jawo mini ƙofa in ka fita."

Ƙofar katako ce, ba ta tare magana. Munzali ya ji shi a waya da babban ofis, murya ta yi laushi: ya zauna ya bi rahoton da kansa, ya gano wata 'yar matsala, a ƙaro saba'in. Munzali ya tsaya a baranda ya tofar da miyan a kwata.

Can Oga ya leƙo. "Dorathy, koma bakin aikinki. Nan gaba a riƙa kula."

Na'imatu ta ɗaga kai ta ce, "Ai na faɗa, Mama ba za ta yi haka ba."

Mama Dorathy tana zaune a kan benci, jaka a cinya, idanu ja. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, ba wanda ya gaya mata.

Munzali ya sunkuya ya ɗauki makullin da yatsu biyu, jan goro ya manne a zoben. Ya kai shi bayan ofis, ya zuba masa ruwan buta, ya goge da gefen rigarsa, ya dawo ya ajiye kusa da ita a kan benci.

Ta ɗauka ba ta dube shi ba, ta nufi sito. Shi kuma ya koma kujerarsa ya buɗe jerin ƙauyen Betso.