Katunan Baba Muttaka

"Ɗauki jakar nan yanzu, Maman Khaulah," in ji Baba Muttaka, yana nuna ƙarƙashin gado da haɓa, don hannun ya daina yi masa biyayya.

Saudatu ta ajiye kwanon faten da ta kawo masa, ta ƙi ko kallon wajen. Ta ce haba Baba, wane irin zance ne wannan, ai Asabar mai zuwa da bakinsa zai ba yara labari. Ya dube ta. Ya san kara take masa, ita ma ta san ya sani. To amma a wajenmu, ka ɗauki kayan mara lafiya yana numfashi, kamar ka ce masa ya yi sauri ne. Haka ta fito hannu Rabbana.

Ƙofarsu da tasa na kallon juna a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Cheras. Shekara talatin ya yi yana aiki a gidan adana kayan tarihi a Najeriya, sai da furfura ta gama da kansa sannan ya taho Malesiya neman digiri na uku, har ɗalibai suka sa masa suna Kakan Aji. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne Asabar.

Duk Asabar bayan la'asar zai wangale ƙofa, yaran Hausawan benen su zube a tabarma. Sai ya fito da hoton baƙar motar nan da aka harbe Janar Murtala a cikinta, wadda ke ajiye a Legas, ya bi ramukan harsashi da yatsa. Ya gaya musu yadda yana yaro ya kutsa cikin taron jana'iza a Kano har takalminsa ɗaya ya ɓace. Yaran kuwa, Allah ya shirye su, hankalinsu na kan biskit. Da zarar ya tsaya shan ruwa wani zai ce da yaren Malesiya, "Boleh balik, Baba?" wato a sallame su. Khaulah, 'yar Saudatu mai shekara takwas, ita ce ta taɓa tambayarsa ko mutumin sarkin Malesiya ne.

Hoton ba shi ne dukiyar ba. A cikin jakar akwai katuna sama da ɗari huɗu, maganganun mutanen da ya bi gida gida yana tambaya ina suke ranar da labarin kisan ya iso: mai shayi, tsohon soja, matar da ta bar tuwo ya ƙone. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da ajami ya rubuta, wai hannunsa ya fi gudu a ciki, kuma kullum cewa yake zai juya su zuwa boko in ya gama digiri. Duk benen nan Saudatu kaɗai ke iya karantawa, domin da ajami mahaifinta ke rubuta mata wasiƙa tana makarantar kwana. Da idon Baba ya raunana, ita ke tsayawa a bakin ƙofa tana karanta wa yaran.

Ranar Talata da hantsi ya cika a asibiti. Maza suka kai shi, aka rufe shi a jar ƙasar da ba ta san ko sunan unguwar ba. Saudatu ta yi kuka kamar ranar da aka gaya mata mutuwar mahaifinta ta waya. Jakar tana ranta, amma ta ga a bari a yi sadakar uku tukuna, kada a ce ba a gama kuka ba ta shiga kwasar kaya.

Ranar sadakar tana unguwar Sri Petaling da sauran mata suna tuƙa tuwo, mai gidan da Baba ke haya ya aiko yana son makullinsa. Bello, mijinta, ya kira ɗalibai biyu, Adnan da Zahraddeen, suka shiga aiki. Ko da ta dawo, ɗakin fes, har an goge ƙasa.

Bello ya tare ta da bayani, da alamar ya ji daɗin aikinsa. Tufafi an bayar sadaka. Tsofaffin jaridu an ba mai motar nan da ke yawon sayensu. Hoton mota ga shi ya ajiye mata. Ta tambayi jakar.

"Takardun addu'o'in nan? Kar ki damu, ba mu bari ko ɗaya ta taɓa ƙasa ba. A bayan bene muka ƙona su, tokar ma gindin bishiya muka zuba."

"Ba addu'a ba ce, Abban Khaulah. Hausa ce."

"Hausa kuma? Da baƙaƙen Larabci? Ni fa bisimilla na gani a saman kowacce."

Gaskiyarsa. Baba Muttaka ba ya fara kati sai da bisimilla. Ga Bello, injiniya guda, mai sauke Alƙur'ani duk azumi, ya riƙe harshen uwarsa a hannu bai gane shi ba. Ta nemi wanda za ta yi wa faɗa ta rasa. Da alwala suka yi aikin, don girmamawa. Ita aka ce wa ɗauki, ta tsaya kara. Baƙin cikin da ya kama ta ya fi na ranar Talata, don a ganinta yau ne aka binne shi da gaske, shi da mutum ɗari huɗu.

Ran Asabar bayan la'asar tana zaune a falo, Khaulah ta zo da littafin makarantarta, ta zaro kati guda da take sa alamar shafi da shi. Ashe tun tuni ta ɗauke shi daga jakar Baba. Saudatu ta karɓa. Cigaban wani katin ne, ba suna, ba gari. Ta karanta a fili: "Sai na sauke tulun na zauna a ƙasa. Ban san shi ba, bai san ni ba, amma na kasa tashi."

Yarinyar ta tambaya da Turanci wace ce ta faɗi haka. Saudatu ta juya katin, bayan fari fat. Ta ƙofar da aka bari a buɗe tana hango ɗakin Baba, an garƙame da sabon kwaɗo, takalmin sallarsa na roba na nan a gefe, an manta ba a bayar ba.