Agwagwar Roba a Tafkin Gabas

Kan sukari, sabulu, turmin atamfa, batur na rediyo, ganyen shayi, da wata roba rawaya a ninke cikin takarda. Abin da Jibo ya ɗauko daga Damagaram ke nan. Yana zaune kusa da kayan cikin amalanken maƙwabcinsa Ɗanasabe, shanu na jan su cikin rairayi daga Dungas zuwa ƙauyensu da ke gab da Guci.

Jibo ya duba agogo. Jim kaɗan ya sake dubawa.

"Mushe, shanun nan ba su san agogo ba," in ji Ɗanasabe. Tun da Jibo ya zama malamin lakwal, makarantar boko, haka yake kiransa, yadda ake kiran malamai da Faransanci, ko da yake a gabansa aka haife shi. "Yaushe za ka koma?"

"Ran kasuwar Guci."

"Hutun damina guda, ka ba mu mako? Ko fara ta fi ka daɗewa a garin nan."

Suka biyo ta bakin tafkin gabas. Rabon Jibo da shi tun shekarun fari, lokacin ƙasa ce busasshiya duk ta tsattsage. Yanzu ya cika har gefen hanya, ruwa ja wur, iska na kaɗa shi. Ɗanasabe ya nuna da bulala.

"Can tsakiya, saitin gawon nan, na haƙa rijiya lokacin fari kafin in tafi cin rani Kano. In ka cire ta, tafkin nan bai wuce ƙirjina ba."

A gida Jibo ya warware robar ya hura ta da baki. Ta kumbura ta zama zobe mai kan agwagwa. Wajen kukun wani Bature ya saye ta. 'Yarsa Gimbiya, 'yar shekara shida, ta zura kai ta sa ta a ƙugu, ta ƙi cirewa har wajen cin tuwo.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji matarsa Zuwaira.

"'Ya'yan Turawa ke shiga ruwa da ita. Ba ta nitsewa."

Ɗanasabe ya leƙo ta saman danga. "Agwagwa ba ƙwai, ba nama? Mushe, an cuce ka."

Jibo ya ja wa yarinyar kunne: bakin ruwa kawai, inda mata ke wanki. Ya ga ya gama nasa. Kwanakin da suka biyo baya bai sami zama ba. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya je gona ya tsaya a kan iyaka da takalmi, ya dawo. Kowa na gona yana maimai, noma na biyu, ba mai lokacin hira.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ya fita yawo ta bakin tafki. Hadari na haɗuwa a gabas. Mata na sauri su gama wanki, Zuwaira ta sunkuya tana matse zane. Gimbiya na cikin robar a bayanta, ruwa iya gwiwa. Ta ɗaga ƙafafu. Iskar hadari ta taso ta tura agwagwar kamar busasshen ganye.

"Baba, dube ni," ta ce, tana dariya.

Kafin Zuwaira ta miƙe, yarinyar ta wuce inda hannu ke kaiwa. Jibo ya faɗa ruwa da takalminsa, ya tsaya da ruwa ya kai masa ƙugu. An koya masa abubuwa da yawa a lakwal, ban da iyo. Duk garin ma ba wanda ya iya.

Ɗanasabe ya gangaro daga gonarsa da hauya mai doguwar ƙota a kafaɗa.

"Tsaya nan, Mushe, ka riga ka ɓata wando. Na san inda rijiyata take." Ya shiga yana kallon gawon, ya karkata hagu ya kauce wa saitinsa. "Gimbiya, riƙe wuyan agwagwarki. Ga baba tsoho nan."

Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya miƙa hauyar ya saƙalo robar. Bakin ƙarfen ya huda ta. Iska ta fita da tsaki, kan agwagwar ya lanƙwashe, yarinyar ta sulale ta tsakiya.

Ya saki hauyar ya yi gaba, ya cafko damtsenta, ya ɗaga ta sama da kansa. Ya juyo, ya tako, ya wurgo ta da duk ƙarfinsa. Jibo ya kamo rigarta ya rungume ta tana tari.

Da ya ɗaga kai, malfar Ɗanasabe kaɗai ce a kan ruwa, tana juyawa.

Maza suka zo da igiya ɗaure a ƙugu, suna caccaka ƙasa da dogayen sanduna. Sandar farko ta shige gaba ɗaya, nesa da saitin gawon. Wani dattijo ya ce bayan tafiyar Ɗanasabe Kano rijiyarsa ta ƙafe, mutane suka yi ta haƙa wasu a gefenta, kowa da tasa. Da ruwa ya dawo ya rufe su duka, ba wanda ya sake tuna su. Da ƙugiyar ciro guga aka fito da Ɗanasabe, ana tsakiyar ruwan sama. Aka kai shi makwanci kafin la'asar.

Jibo ya shiga yi wa Hinda, matar Ɗanasabe, gaisuwa. Tana zaune a kan tabarma, ƙananan 'ya'yanta sun jingina da ita.

"Inna Hinda, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Yarinyar ta amayar da ruwan?"

"Ta amayar."

"To madalla. Ku shafa mata mai a ƙirji." Ta jawo ƙaramin ɗanta jikinta. "Geron gabas rabi ya nome."

Ba da shi take ba. Ƙasa take kallo.

Ran kasuwar Guci da sassafe Zuwaira ta haɗa masa jaka ta ajiye a bakin ƙofa. Gimbiya na barci a gado, numfashinta na fita da ɗan kurman sauti. Daga waje ana jin mutane na wucewa da awaki, wani na kiran masu zuwa tasha su yi sauri.

Jibo ya tsaya a ƙofa yana kallon hanya. Ya jawo jakar ciki da ƙafa.

"Motar za ta tashi," in ji Zuwaira.

"Ta tashi."

"Hannun naka ko kanta babu."

Ya tura ƙyauren ya rufe.

"Ina nan sai geron Ɗanasabe ya shiga rumbu," ya ce.