Faifan da Gwaggo Hure Ta Huda

Washegarin tarewar amaryarsa Muhsina, Zaharaddini yana ɗaure tunkiya a tsakar gida sai ga Gwaggo Hure, yayar babansa, ta fito daga ɗakin amarya da zanen gado a hammata. Ta tsaya a kansa ta tambaye shi yaya ya samu yarinyar, don ita dai ta duba ba ta ga jini ba.

Wane ɗa ne zai buɗe baki ya yi wa yayar ubansa irin wannan zance? Ya sunkuyar da kai yana murza igiya. Gwaggo ta jira, ta jira, sannan ta ce to, ta ji.

Kafin azahar ta huda faifai da wuƙa, ta rufe ƙwaryar furar da aka kawo daga gidan su Muhsina, ta mayar musu da kanta. A ƙauyen kowa ya san faifai mai huji: amarya ba ta kai budurcinta ɗakin miji ba ke nan. Hanyar kuwa ta bakin rijiya ta bi, mata suna ɗiban ruwa.

Muhsina ba ta yi kuka ba. Ta rantse wa Zaharaddini sau ɗaya cewa ba ta taɓa sanin wani namiji ba, ya ce ai shi bai taɓa zarginta ba.

Bayan kwana biyu ya hau babur ya tafi asibiti a Bagwai, ya samu wata ungozoma, Malama Kaltume. Da ƙyar maganar ta fito daga bakinsa. Ta ce masa mata da yawa ba sa zubar da jini a karon farko, haka Allah ya halicce su. Ya roƙe ta ta duba matarsa ta ba shi takarda.

"Malam, babu abin da zan gani. Ko babban likita ba ya gane budurci da dubawa. In na rubuta, ƙarya na rubuta."

Ya dawo ya tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Ya daure ya faɗa mata.

"Ɗan nan, ranar da na tambaye ka ina bakin yake? Ina takardar?"

Babu takarda.

Ya shiga ɗaki ya maimaita wa Muhsina maganar ungozoma, bai rage komai ba. Ta saurara tana kallon tabarma.

"Ni ai na sani," in ji ta. "Wa zai gaya wa Innata?"

Shi dai ba zai iya ba. Ko gaisuwa, daga bakin zaure yake durƙusa wa surukarsa.