Kyanwa a Kan Gwiwar Hagu

Kyanwar gidan ba ta taɓa shiri da Mai Agogo ba. Tun tana ƙarama yake korarta daga teburin aikinsa, don gashinta na shiga cikin agogunan mutane, ita kuma ta riƙe abin a ranta. In ya shigo falo sai ta fita. Shi ya sa ranar da Inna, matarsa, ta leƙa shagon da ke gaban gida ta tarar da kyanwar kwance a kan gwiwarsa ta hagu ta lumshe ido, sai da ta kira Auta ta zo ta gani.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke koyarwa a firamare, ta yi dariya har da dafa ƙofa. Ta ce ashe Baba ma ana iya sasantawa da shi. Tela, maƙwabcinsu, ya ce ba ƙauna ba ce, kyanwar ta ji motsin ƙarfen da aka sa masa a gwiwar ne ta ɗauka ɓera ke ciki. Mai Agogo ya ce mutumin da ɗinkinsa ke warwarewa kafin a kai gida ba shi da bakin magana a kan ƙarfe. Aka yi dariya aka watse, kyanwar ba ta motsa ba.

Sau uku ana yi wa gwiwar nan aiki. A na farko an sa ƙarfe a madadin gaɓar da ta cinye, bayan wasu shekaru ya saki. Na biyu ma ya saki, kuma jijiyoyin da ke riƙe gwiwa suka lalace tare da shi. A na uku aka sa masa irin wanda ba a ɗaukowa sai an rasa yadda za a yi: ƙarfe biyu da ƙusa a tsakaninsu, suna buɗewa suna rufewa kamar abin da ke riƙe ƙofa, kowanne da doguwar sanda, ɗaya ta shige cikin ƙashin cinya, ɗaya cikin na ƙwauri.

Inna na wurin ranar da babban likita ya ɗaga hoton ƙashin ya yi musu bayani. Ya ce kowane aiki yana cin nasa rabon ƙashi. Ya ce irin wannan ƙarfe kan kai mutane da yawa shekara goma, wasu har fiye, amma abin da ya fi kayar da shi ba karyewa ba ce, ƙwayoyin cuta ne, don in suka kama jikin ƙarfe suka zauna, magani ba ya iya fitar da su. In gwiwar ta yi zafi ko ta kumbura, a zo a ranar. Daga ƙarshe ya ce ba ya jin akwai sauran ƙashin da zai riƙe na huɗu. Abin da zai rage shi ne a sandarar da ƙafar, ko a cire ta.

Shekaru suka wuce lafiya. Mai Agogo ya ajiye sanda, ya aurar da 'ya'ya biyu yana tsaye a kan ƙafarsa. Gwiwar tana da wata 'yar ƙara, ƙas, duk lokacin da ya miƙe, yakan ce a cikin agogunan gidan ita kaɗai ce ba ta taɓa tsayawa ba. Inna kan gane dawowarsa daga shago da wannan ƙara tun kafin ta ga fuskarsa.

Kyanwar ta mai da gwiwar wurin kwananta. Da zarar ya zauna sai ta haye, kullum hagu, ba ta taɓa gwada dama ba. Cikinta ya fito, ya yi nauyi, tana hawa da ƙyar, amma tana hawa. Ta haihu a cikin kwali a bayan buhun gawayi, kuma duk da haka takan bar 'ya'yan suna kuka ta tafi shago.

A tsakanin nan wasu ƙananan abubuwa suka canja, kowanne da dalilinsa. Mai Agogo ya sa Tela ya ɗinka masa wanduna masu faɗin ƙafa, ya ce zafi ake yi. Ya daina bari Inna ta shafa masa mai a ƙafa, ya ce hannunta ya yi kaushi. Ya rage cin abinci, ya ɗora laifin a kan haƙorin da ya daɗe yana damunsa, wanda ya kumbura masa kunci kwanakin baya sannan ya saɓe. Inna ta je neman almakashi a aljihun teburinsa, ta ga kwalayen maganin ciwo babu komai a ciki, an jera su a bayan batiran agogo. Ta rufe aljihun.

Wata rana da hantsi Inna na guga a tsakar gida, ta ninke zanen gado da ɗuminsa ta ajiye a kan kujera. Kyanwar ta zo ta kwanta a kai, kamar yadda ta saba. Inna ta san halinta: bayan firiji, inda rana ke sauka a bakin taga, kan kayan guga, duk inda ya fi ɗumi a gidan nan za ka same ta. Can aka ji Mai Agogo ya ja kujerarsa a shago. Kyanwar ta ɗaga kai, ta sauka daga kan zanen da ke turiri, ta nufi shago.

Inna ta tsaya da dutsen guga a hannu. Sai a lokacin ta lura ta daɗe ba ta ji ƙas ɗin nan ba.

Ta same shi da gilashi a ido yana duba cikin wani agogon hannu. Ta kori kyanwar, ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu ɗaya a gwiwar dama, ɗaya a hagu. Damar sanyi ƙalau. Hagun kamar kofin shayi. Ta naɗe ƙafar wandon. Fatar ta yi sheƙi, ta cika tam, tsohon tabon ɗinki ya yi ja daga sama har ƙasa.

"Malam, tun yaushe?"

Ya ce bugewa ya yi da ƙafar tebur. Ya ce ta sakar masa wando, ga mutane na wucewa. Da ya ga ba ta tashi ba, sai ya cire gilashin ya ajiye.

"Kin ji abin da likitan nan ya faɗa, da kunnenki," ya ce. "In na shiga da ƙafa biyu, da nawa zan fito?"

Inna ta miƙe. Ta kira Auta a waya ta ce ta nemi izini a makaranta ta zo da mota.

Babban likitan ya yi ritaya. Wadda suka tarar wata likita ce da ba ta girmi Auta da yawa ba, mai magana a hankali. Ta duba tsohon hoton da sabon da aka ɗauka, ta tambaya ko ya yi ciwon haƙori, aka ce e, ta ce ƙwayoyin cuta kan bi jini daga baki su je su sauka a kan ƙarfe. Ta soka allura a gefen gwiwar ta ja. Abin da ya cika sirinjin ba ruwa garau ba ne, gurɓatacce ne, launin tsohon madara. Mai Agogo ya kau da kai ya kalli agogon bango, ya ce agogon na latti, a kai masa shi shago.

Likitar ta yi murmushi kaɗan, sannan ta ce akwai hanya biyu, kuma zaɓin ya rataya a kan tambaya guda. In zafin sabo ne, na 'yan kwanaki, za a buɗe a wanke a bar ƙarfen a wurinsa. In ya daɗe, wanki ba zai yi komai ba sai dai ya ɓata lokaci cutar ta ci gaba da cin ƙashi, ta kuma iya shiga jini. Dole a cire ƙarfen duka da sandunansa. Abin da za a iya mayarwa daga baya, sai an ga ƙashin da ya saura, kuma ba za ta yi musu alkawari ba.

"Baba, yaushe ka fara jin ɗumin?"

"Shekaranjiya," ya ce.

Bai kalli Inna ba, amma hannunsa ya sauko ya kama gefen mayafinta, a ƙasa, inda likitar ba ta gani. Shekaru da yawa rabon da ya riƙe ta haka. Auta na tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a hannu. Likitar ta ɗauki biro.

"Likita," Inna ta ce, "muna da kyanwa."

Ta faɗa a taƙaice, ba ta ƙara komai ba. Kyanwar ba ta son shi. Amma tana bin ɗumi, ta fara kwanciya a kan wannan gwiwar, ban da ɗayar. Lokacin ko cikinta bai fito ba.

"Yanzu fa?"

"'Ya'yan sun buɗe ido."

Likitar ta ajiye biron. Ta ce wa ma'aikaciyar jinya ta nemo gado, ta kuma kira shugaban sashen, ta ce kada a ba Mai Agogo abinci, aiki za a yi masa. Hannun Mai Agogo ya saki mayafin. Ya gaya wa Auta agogon wane ne a kan tebur, da na wanda aka gama, ya ce ta kulle shagon da kyau. Da aka turo keken marasa lafiya ya hau da kansa, bai yarda kowa ya taɓa shi ba, kuma bai yi wa Inna magana ba.

Da la'asar Inna ta koma gida ɗauko masa kaya. Ta haɗa buta, tawul da riguna. Ta tsaya tana kallon wandunan da Tela ya ɗinka, ta ɗauki ɗaya, ta mayar. Shagon na buɗe, Auta ba ta riga ta kulle ba, agoguna na ta bugawa a bango. Kyanwar ta shigo ta haye kujerarsa, ta shinshina, ta juya sau ɗaya. Ba ta kwanta ba. Ta sauka ta koma wurin 'ya'yanta.