Wanda Ya Fito da Sunan Jikana

Mu talatin da ɗaya ne muka cika motar Mista Grummitt ran Asabar ɗin nan, duk matan layinmu na Grimsby, masu saƙar koma da masu feɗe kifi, za mu Skegness kallon jikana Cyril yana waƙa. Grummitt bai so ba da motarsa a tsakiyar lokacin zafi ba, amma ni na wanke gawar uwarsa ranar da matarsa ta ce ba za ta iya ba, na kuma tuna masa.

Cyril a hannuna ya tashi. Ubansa, ɗana ke nan, jirgin kamun kifi ya nutse da shi wajen Iceland yaron yana shekara huɗu, uwar kuma ta bi wani sojan sama Kanada. Da allon wankina ya fara kiɗa, shi da wasu 'yan iska uku a bayan gida, daga nan sai jita, daga nan sai wannan kiɗan na Amurka da suke kira rok an rol. Ana nan wani Mista Lintott ya zo daga Landan ya ji shi a gidan rawa. Washegari ga shi a falona, yana shan shayina a kofin da nake ajiye wa fasto. Ya ce yaron yana da murya, yana da gashi, amma babu yarinyar da za ta tsaya tana ihun Cyril Pocklington. Daga yau sunansa Ross Falcon.

Shekarar Cyril sha takwas lokacin, don haka sai da hannuna. Ban yi masa da sauƙi ba. Na ce abinci sau uku, na ce ban yarda ya kwana a mota ba, na ce katin wasiƙa duk mako. Ya ce duk ya rubuta. Na ɗauki alƙalami na yi gicciyena a inda ya nuna, don ni ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi.

Shekara biyu ke nan. Faifan waƙa ɗaya ya yi, an sa shi a rediyo sau biyu, layinmu kaf suka taru a kicin ɗina suka ji. Kirsimetin farko ya zo gida da kwat mai ruwan zinariya da gashi a tare a goshi kamar zankon zakara. Na biyu bai zo ba. Katin dai yana zuwa, Gertie maƙwabciyata ke karanta mini, sai dai tun watan Maris ya koma layi biyu: ina lafiya, ana aiki.

Wasan ƙarfe biyu da rabi muka shiga, a gidan wasan da ke kan gadar nan da ta kutsa cikin teku. Sunan na nan a ƙofa da manyan baƙaƙe, Gertie ta nuna mini da lemarta. Muka sha zama. Mai barkwanci ya yi nasa, wata mata ta fito da karnuka masu tsalle, sannan makaɗa huɗu cikin kwat ruwan toka suka jeru a baya, aka kira suna. 'Yan matan da ke gabanmu suka tashi da wani irin ihu kamar an zuba musu tafasasshen ruwa.

Kwat ɗin ya fito. Na san shi, ni na kama masa hannun hagu da zare a Kirsimetin can. Amma wanda ke ciki ban taɓa ganinsa ba.

Na cire tabarau na goge na mayar. Dogo ne, ya fi Cyril da kusan taƙi guda. Kunnuwansa a kwance suke, na Cyril kuwa a buɗe kamar hannuwan tukunya. Yana karkaɗa ƙugu yana rera waƙar faifan jikana.

Gertie ta zungure ni, tana ɗaga murya saboda ihun. "Landan ta karɓe shi, Elsie. Dubi yadda ya miƙe."

"Wannan ba Cyril ba ne."

"Me?"

"Na ce ba Cyril ba ne."

"Fitila ce. Kowa ya shiga fitila sai ya sake. Ke ma da za a haska ki sai a ce mutum ce."

"Gertie, shekara goma ina wanke bayan kunnen yaron nan. Wannan ɗan wata ne."

Na waiga. Matan layinmu talatin, waɗanda suka ba shi burodi da jam tun yana gajeren wando, duk suna tafi. Misis Grummitt har da hawaye. Na ce a raina ya mutu. Motar tasu ta kife a wani wuri a watan Maris, sun binne shi sun yi shiru, wani ne ke rubuto katin. Haka kamfanin jirgi ya yi mini da ubansa, kwana tara suna cewa rediyon jirgin ce ta lalace.

Ban jira a sauke labule ba. Na taka ƙafafun mutane na fita, na zaga ta gefen ginin inda ƙofar 'yan wasa take. Kafin in iso 'yan mata sun cika wurin, kowacce da ɗan littafi. Wani tsoho mai gashin baki ya tare ƙofa.

"Iya, ai kin wuce wannan layin da shekara hamsin."

"Ka buɗe, ko in je in zo da ɗan sanda in ce masa kun ɓatar da yaro."

Ya dube ni da kyau, ya matsa.

A wani ɗan ɗaki mai warin man gashi na same shi, ya rataye kwat ɗin a ƙusa, yana cin soyayyen dankali a takarda. Kusa da kusa bai fi sha bakwai ba, ga ƙuraje a ƙarƙashin hodar da suka shafa masa.

"Wane ne kai?"

"Ross Falcon, Mama. Kawo takardar in sa miki hannu. Ta jikarki ce?"

"Sunan da uwarka ta sa maka nake tambaya."

Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Neville. Amma an hana ni faɗa."

"Ina mai kwat ɗin nan?"

Bai kai ga amsawa ba sai ga Mista Lintott ya shigo, da sigarinsa da zobensa, ya ƙara tumbi. Ya gane ni nan take, wannan kam na ba shi.

"Misis Pocklington. Da kin aiko ai da na ajiye miki kujerar gaba."

"Ina kuka binne shi?"

Sigarin ya kusa faɗuwa. "Binne wa? Allah ya kiyaye. Zauna, zauna. Neville, ba ta kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Na ba ka yaro da sunansa, ka sake masa wani, na yi shiru. Yau na zo na tarar da sunan a jikin baƙo."

"To ai nan ne kuskuren," in ji shi, a hankali kamar mai yi wa yaro bayani. "Sunan ba na Cyril ba ne. Nawa ne. Ni na ƙirƙiro shi, ni na buga shi a takardu, ni na ɗinka masa kwat. Ke 'yar bakin teku ce, kin san yadda jirgi yake. Ma'aikata su hau su sauka, sunan da ke jikin jirgi yana nan."

"Jikana ba jirgi ba ne."

"Ross Falcon ne jirgin. Jikanki ma'aikaci."

Ya buɗe jakarsa ya zaro takarda. Na gane ta da tabon shayin da ke gefe. Ya ɗora yatsa a wani layi ya karanta: suna, da kaya, da hoto, da faifai, duk mallakar Lintott ne, yana da ikon ba wa wanda ya ga dama. Sannan ya sauke yatsan ƙasa.

"Ga gicciyenki."

Nawa ne. Har inda alƙalamin ya ɗan zame. Awa biyu na yi ina ciniki da mutumin nan a kan karin kumallo da gado, duk Grimsby babu mai sayar da kifin da ya taɓa cuta ta, ashe abin da ya zo saye daban ne, kuma da hannuna na miƙa masa. Na zauna a kujerar da na ce ba zan zauna ba.

"Me ya yi maka?"

"Bai yi kome ba. Yaron kirki ne, ba ya sha, ba ya makara. Ki ce masa ya cire hula, za ki gani."

"Yana ina?"

Lintott ya dubi Neville, Neville ya dubi dankalinsa.

Lintott ya ce, "Misis Pocklington, ai yanzu kika gama kallonsa. Minti ashirin yana tsaye a gabanki. Na hagu a baya, mai jita."

Ban san yadda zan gaya muku ba. Ina zagin matan layinmu a zuciyata don ba su gane baƙo ba, ni kuwa jinina yana tsaye taku biyar bayan baƙon, ido buɗe, ban ko dube shi ba. Kwat ɗin na bi da ido kamar kowa.

A matakalar baya na same shi, wajen da ake zuba shara, teku na bugun ƙarafan gadar a ƙasa. Yana zaune da kwat ruwan toka da wata ƙaramar hula, jita a cinya, yana ɗaura sabuwar tsirkiya. Bai ɗago ba.

"Na gan ku tun da aka ɗaga labule, Kaka. Layi na tara. Hular Anti Gertie ko daga Holan sai a hango ta."

"Cire taka."

Ya cire. Daga goshi har tsakiyar kai babu kome, fata sumul, 'yan silalla a gefe. Kakansa sak, mijina, wanda ya yi sanƙo kafin mu yi aure. Yaro ɗan shekara ashirin.

"Tun bara ya fara. Ina tajewa yana biyo matajin. Mun gwada gashin kanti, ya faɗo a Doncaster a tsakiyar waƙa, wata yarinya ta cafe ta gudu da shi." Ya ɗan yi dariya. Ni ban yi ba. "Mista Lintott ya ce Ross Falcon ba ya sanƙo. Ya samo Neville a shagon gyaran keke a Walsall. Ni na koya masa waƙoƙin, har yadda zai tsaya."

"Kai ka koya masa."

"Wa zai koya masa in ba ni ba?"

"Babu wanda ya ce uffan? Duk garuruwan nan?"

"Ban taɓa fitowa a talabijin ba, hoton faifan kuma rabin fuskata a duhu take. Mako guda tsakani muka koma wani gari da na taɓa yi, 'yan matan da suka yaga mini riga su suka yaga tasa. Ɗaya ma ta ba ni littafinta in miƙa masa."

Na zauna kusa da shi a kan matakalar mai sanyi. Wuyansa ya rame, kwalar rigar tana yawo.

"Tashi ka ɗauko kayanka. Motar Grummitt ƙarfe shida za ta tashi. Shugaban ma'aikatan kasuwar kifi, ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa uku, ranar Litinin zai ba ka aiki ko yana so ko ba ya so."

"Akwai wasan shida da rabi, Kaka."

"Ka tsaya bayan wani ƙato yana cin sunanka?"

"Ba sunana ba ne. Ni ban taɓa juyowa da wuri ba in an kira shi." Ya ja tsirkiyar, ya kasa kunne, ya ƙara murɗawa. "Kin san shekara ɗaya da rabi ina gaba ban taɓa jin abin da nake rerawa ba? Ihu kawai. Kullum amai nake yi kafin in fita. A baya kuwa ina jin ganga, ina jin hannuna. Na iya abin nan yanzu, Kaka, da gaske na iya. Makaɗan wasu ƙungiyoyi suna zuwa gefen labule su tsaya kallon yatsuna."

"Me ya hana ka rubuto?"

"Anti Gertie ce mai karantawa."

Gaskiyarsa, abin da Gertie ta karanta da safe, kafin azahar layinmu kaf sun ji.

Na ce masa takardar ni na sa wa hannu, ban san abin da ke ciki ba. Ya ce ya sani, shi ya karanta ta tun a falo, ya ga layin, ya yi shiru don kada in hana shi tafiya. Na daɗe ina kallonsa. Yaron da na ɗauka ko ƙwai ba zai iya ɓoye mini ba. Na sake cewa ya zo mu tafi, ya sake cewa a'a, da ladabi, yana mayar da hularsa. Na ciro burodi da naman da na ƙunso masa tun daga gida na ajiye masa a gwiwa, ya cinye a gabana ko numfashi ba ya yi.

Ni kaɗai na hau motar. Duk sun zauna, da alewarsu da jan hanci na rana, suna jira. Misis Grummitt ta ce, "Yaya, kin gan shi? Ya sa mana hannu a hotunan?"

Na tsaya a gaba kusa da direba, na riƙe ƙarfe. Gara su ji daga bakina.

"Na gan shi. Mai kwat ɗin zinariya sunansa Neville, ɗan wata mata ne a Walsall. Cyril shi ne mai hula a baya ta hagu. Gashinsa ya zube, an karɓe sunan an ba wani. Kun yi wa baƙo tafi, ni ma ban gane nawa ba. Wadda ke da magana ta faɗa yanzu, kada in ji ta a layin wanki."

Grummitt ya tayar da mota. Mun wuce Louth kafin Gertie ta matso ta ce, ƙasa ƙasa, "To shi Neville ɗin, uwarsa ta sani?"

Na ce ban tambaya ba.

Cyril bai dawo Grimsby da zama ba. Shekara bakwai ya yi a bayan labulen Lintott kafin masu yin faifai a Landan su ɗauke shi ya riƙa kaɗa musu jita. Neville bai kai Kirsimeti biyu ba, aure ya yi a ɓoye aka gano, aka karɓe kwat ɗin. Kafin jikana ya bar wurin, Ross Falcon huɗu ya koya wa tsayuwa.