Farantin Inna

Auta tana cire safar hannu Oga ya dire mata wani farantin gwaji a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan murfin.

"Wannan na waye? Ba suna, ba lamba."

Shekara tara Auta tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibitin nan, ba ta taɓa yin gwaji a ɓoye ba sai shekaranjiya, da gudawa ta kama mahaifiyarta. To wa zai sa tsohuwa bin layi alhali 'yarta ce mai riƙe da makulli? Ta kawo bayan gidan a 'yar kwalba, ta shuka a faranti don ƙwayoyin cikinsa su tsiro, washegari ta ga ƙwayoyin da kowa ke da su a hanji. Duk da haka ta kai maganin kashe ƙwayoyin cuta gida, har da cika baki, wai ciwo ba ya kwana biyu a gidansu.

"Na Inna ne, Oga."

Oga, dattijon da ko gaisuwa sai ya haɗa da tsiya, yau ko murmushi bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Launin ne bai kwanta mini ba, na sa a na'ura. Kama da wane ba ta wane, Auta. A ido, ɗaya take da ta hanjin kowa, amma wannan ƙwayar tana da allura."

"Allura?"

"'Yar mitsitsiya, madubinmu na ƙara girma ma ba ya ganinta. Sai ta manne a bangon hanji, ta soka, ta ɗura wa naman mutum sinadaranta. Naman ya daina kare kansa, har ya shimfiɗa mata wurin zama. Ga dafi kuma a cikinta. Akwai jini a gudawar?"

"Kaɗan."

"Ba dai kin ba ta magani ba?"

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ba ta."

"Innalillahi! Irin wannan ƙwayar ba a tsokanarta da magani. Da ta ji mutuwa sai ta amayar da dafin gaba ɗaya cikin jini, kuma ƙoda yake fara nema. Kira gida."

Tsoro ya kama ta har sai da ta kuskure lambar yayarta sau biyu. Yaya ta ɗauka da fara'arta.

"Likitar gidanmu! Kai, hannunki da albarka. Gudawa ta tsaya cak. Inna sai barci take, har ta yi kumatu, fuskar nan ta cika fam."

"Yaya, ta yi fitsari?"

"Ke dai da tambayar ƙazanta! Ai na huta da zubar da fo. Tun jiya da azahar ko ɗigo ba ta yi ba."

Auta ta ɗago kai. Oga ya riga ya tuɓe farar rigarsa, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.