Matar Mai Buga Ƙararrawa

Cocin nan ba ta taɓa mallakar ƙararrawa ta gaske ba. Tsohon wilin babbar mota ne aka rataye da sarƙa a jikin wani dogon ƙarfe a bakin ƙofa, kuma wani mai faci ne yake buga shi duk Lahadi da ƙarfensa na cire taya. Mutum ne dogo, shi ya rataye abin daidai tsayinsa, bai yi shawara da kowa ba. In ya fara bugu kuwa ba ya jin gajiya, har matarsa takan ce masa ko kurame sun ji, ya bari haka nan.

Sai waɗansu mutane suka zo rumfarsa, kuma ba faci suka kawo ba. Suka ce ƙarar nan ta ishe su, da ita da masu amsa ta, in yana son ransa ya daina. Ya ba su wurin zama, ya ce Yesu bai ji kunyarsa ba, shi ma ba zai ji kunyar kiran mutane wurinsa ba. Lahadin da ta biyo baya ya buga. Kafin wata Lahadin ta zagayo aka tsinci gawarsa a bayan rumfar.

Dattawan ikilisiya suka yanke a ci gaba da sujada, amma ba ƙararrawa, kowa ya sulalo shi kaɗai. Ba a ga laifinsu ba, su ma suna da iyali. Sai dai wanda bai ji kira ba yakan ɗauka ba a buɗe ba, wanda ya san an buɗe kuma ya ce bari ya ga mako mai zuwa. Haka kujeru suka riƙa zama wayam.

Matar mai facin tela ce, kuma tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kowa ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida, ƙafarta takan daskare a kan keken ɗinki. Amma shirun safiyar Lahadi ya fi tsoron ci mata rai, ji take kamar duk mako ana sake kashe mata miji.

Ƙanin mijin, direba, ya dage sai ya mayar da ita wurin iyayenta. A da abokin tsokanarta ne, ba ya kiranta sai guntuwa. Yanzu ya ce ya binne ɗaya, ba zai binne biyu ba. Ta yarda, suka sa safiyar Lahadi.

Tana haɗa kaya kafin ya iso, sai ta ci karo da ƙarfen cire tayar a bayan ƙofa, wurin riƙonsa ya yi santsi saboda hannun mai shi. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta faɗa wa Ubangiji tsoronta bai tafi ba, amma za ta je da shi haka. Ta ja mayafi ta fita.

A bakin coci ta ɗaga ƙarfen, ta yi ɗage, ta kai duka, sai iska ta samu. Ta yi tsalle, bakin ƙarfen ya shafi gefen wilin da ƙyar. Abin dariya ne, ba don hawayen da ke zubo mata ba. Tana cikin haka motar direba ta tsaya a bayanta.

“Matar Yaya, me kike yi haka? So kike su dawo?”

“Yayanka yana wurin Ubangiji, ba su isa su ƙara taɓa shi ba,” in ji ta. “Ni dai ba zan tafi in bar mutanen nan a cikin shiru ba.”

Ta juya ta sake gwadawa, ta sake kuskurewa. Direba ya dubi titi sama da ƙasa. Can ya shiga mota ya matso da ita gindin dogon ƙarfen da aka rataye wilin, ya ɗauko sifana ya hau samanta. Ya sassauto sarƙar a hankali, yana gumi, har wilin ya sauko daidai kafaɗarta. Da ya diro ya ce ai ya sha faɗa wa Yaya ya tuna guntuwa ya aura, bai ji ba. Ya ce ta riƙe da hannu biyu.

Ta buga. Ƙarar ta ratsa mata gwiwar hannu ta cika titin. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Wata taga ta buɗe. Can ƙarshen layi wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba, bayanta ga wani dattijon ikilisiya da iyalinsa, kansa a sunkuye amma yana tahowa. Matar mai facin ba ta daina jin tsoro ba, sai dai rabon da ta ji zuciyarta sakayau haka tun kafin ranar da aka binne mijinta.

“Ko kurame sun ji, matar Yaya,” in ji direba.

“Ba su gama ji ba tukuna.”

Sai ya naɗe hannun riga ya miƙo hannu. “To ba ni in karɓe ki.”